Ranar Da Na Ce Gawo Ba Shi Da Inuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban manoma, na buɗe bakina da kyau na ce gawo ba shi da inuwa ba. Ni ɗin nan fa, ɗan manomi jikan manomi, wanda aka binne cibiyarsa a Cadawa.

Lokacin riƙon ƙwarya ne, sojoji sun yi alkawarin miƙa mulki, duk inda ka juya motocin jam'iyyu ne da lasifika. Ni kuwa ina shekarar farko a wata makarantar koyon aikin kwamfuta a Maradi. Baba tun farko bai yarda da karatun ba. Shekara ɗaya ya ba ni, ya ce in bai ga abin da "karatun danne-danne" zai tsinana wa mutum ba, in tattara komatsaina in dawo in kama gona da rumfar wakensa a kasuwa. Baba kuwa ba ya magana biyu.

Malaminmu, Mushe Laminu (Mushe dai Malam ne a bakin 'yan Faransanci), ya shigar da mu darasin abin da ake kira kilas. Ya ce mu ɗauke ta kamar katakon buga tubali: ka tsara shi sau ɗaya, duk tubalin da ya fito siffarsa zai ɗauko. Ya ƙara da cewa kilas tana iya haihuwa, 'ya'yanta su ɗauki halinta kaf ba sai ka sake rubuta komai ba. Nan ne kunnena ya buɗe (malalaci ai ba a koya masa gajeriyar hanya).

Da aka ce kowa ya tsara wani abu da ya sani daga garinsu, sai na zaɓi itatuwa. Na rubuta uwar kilas, na sa mata suna Itace. In ka ce mata damina, sai ta ce ganye ya fito, akwai inuwa. In ka ce rani, ta ce ganye ya kaɗe, babu inuwa. Daga nan na haifa mata 'ya'ya uku, Kuka da Danya da Gawo, kowanne layi bibbiyu kacal. Mu uku ke rabon kwamfuta ɗaya, sauran biyun suna tsaye a kaina suna tsaki, don haka Kuka kaɗai na gwada. Ta amsa daidai, na miƙe ina hura hanci.

Mushe Laminu haifaffen birni ne, gawo da aduwa duk ƙaya ce a wurinsa. Ya duba tsarin, ya yaba, har ya ce zai tafi da ni Agiye in nuna wa wata ƙungiyar manoma masu renon itatuwa a gonaki. Baba yana cikin ƙungiyar. Na ce a raina, to ga ranar da tsoho zai san ɗansa ba wasa ya je yi ba.

Ranar na sha wanki da guga, na soke alƙaluman bik biyu a aljihu (ko ɗaya ba ya rubutu). Muka isa muka tarar wata jam'iyya ta riga mu kama zauren taron, ana ta kiɗa da kirari. Shugabar matan ƙungiyar, Inna Tasalla, wata dattijuwa mai bakin da ba ya ajiye magana, ta ce a kwashi tabarmi a koma bayan gari. Muka zauna a gindin wani ƙaton itace. An daɗe da gama kaka, rana tana dukan ƙasa, amma wurin sanyi ƙalau. Ban ko ɗaga kai na ga wane itace ne ba, hankalina yana kan bayanin da na haddace.

Hasken rana bai bari a ga fuskar kwamfutar da muka zo da ita ba, sai aka ce in riƙa karantawa da ƙarfi. Na danna rani. "Kuka, ganye ya kaɗe, babu inuwa." Aka gyaɗa kai. "Danya, ganye ya kaɗe, babu inuwa." Wani ya ce, "Kai, injin ga ya san daji!" Na saci kallon Baba, na ƙara ɗaga murya kamar mai shela.

"Gawo, ganye ya kaɗe, babu inuwa."

Sai na ga kawuna suna ɗagawa sama ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na ɗaga. Gawo ne a kanmu, kore shar, ga wata akuya tana tauna 'ya'yansa dab da ƙafata. Yaron goye ma a Cadawa ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake fitarwa.

Inna Tasalla ta yunƙura tana kakkaɓe zane. "Ku tashi jama'a," ta ce, "ashe cikin rana muke zaune ba mu sani ba!"

Dariyar da aka yi har masu kiɗan jam'iyya sai da suka waiwayo. Ni dai gumi ya jiƙa min rigar da na ɓata safiya ina gogewa. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɗan gawo ɗaya daga ƙasa yana jujjuya shi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na fara hango kaina a rumfar wake da mudu a hannu.

Mushe Laminu ya matso ya tambaye ni me ya faru. Na raɗa masa. Maimakon faɗa sai ya yi murmushi, ya juya ga jama'a. "Wannan darasin sati mai zuwa ne, gawo ya riga ni. Ɗa yana iya cewa a nan wurin ba halin uwata zan bi ba, ga nawa. Kai kuma zauna ka gyara yanzu. Wa zai faɗa mana halin gawo?"

Sai Baba ya yi gyaran murya. Bai dube ni ba, kwamfutar ya duba.

"Rubuta. Da ruwan hwari ya sauka shina zubda ganye, hatsi ya samu rana ƙarƙashinshi, ganyen ya zama taki. In an yi kaka sauran itace suna tuɓewa, sannan shi shike sa riga. 'Ya'yanshi kuwa ga su nan bakin akuya."

Nan take na rubuta wa Gawo nasa halin, layi shida. Na danna rani. "Gawo, ganye ya fito, akwai inuwa." Inna Tasalla ta ce to alhamdulillahi, inuwa ta dawo, ta koma ta zauna. Baba ya matso ya sa na danna damina, sannan ya sa na koma kan Kuka don ya ga ko gyaran ya ɓata ta. Bai ɓata ba. Kafin a tashi manoman nan sun lissafa min itatuwan da ke da nasu halin daban, har takardata ta cika.

Ni da Baba muka shiga motar komawa Cadawa, muka yi nisa. Can sai ya ce, "Injin ga bai yi ƙarya ba, kai ka yi mishi." Na sunkuyar da kai. "Kuma sau guda na hwaɗa mishi ya riƙe. Kai shekara ashirin ina hwaɗa maka." Mutanen motar suka kwashe da dariya. Ya bari ta lafa, sannan ya ce, "Koma ka ƙare karatunka. Amma hutu, gona."

Na koma, na ƙare, da wannan sana'ar nake ci yau. A Cadawa dai har gobe Babu Inuwa ake kirana, har da yaran da ba a haifa ba a lokacin. Tun ranar ba na yarda da ɗa don na san uwarsa, kowanne sai na gwada shi shi kaɗai. Kuma duk abin da kwamfuta ta rubuta, kafin in karanta wa mutane da ƙarfi sai na fara ɗaga kai.