Teburin Zakaru na Herr Brüggemann

Wanda bai san Herr Eckhard Brüggemann ba bai san garin Wulfsbrück ba, shi da kansa ya shaida haka. Shi ne shugaban Adler, kulob ɗin ƙwallon zari-ruga da ya taɓa cin kofin ƙasa tun talabijin ba ta da kala. Yana cikin hoton ranar kuwa, ba ƙarya. Ga shi can a gefe, rungume da rigunan sanyin 'yan wasa. Uban Tarihi ake kiransa, amma sai ya ba da baya.

Kofi ya yi tsatsa, kulob ya gangaro har ƙasa, amma bawan Allahn nan bai bari mutunci ya zube ba. A ɗakin cin abincin kulob akwai dogon teburi kusa da murhu, da kujeru goma sha shida. Goma sha biyar na zakarun ne, kowacce da sunan mai ita a tagulla. Ta ƙarshe tasa ce. Su zakarun, yawancinsu suna maƙabarta, sauran suna gidan tsofaffi, ko siffar ƙwallon ba sa tunawa.

Bayan kowane wasa, kamar ko'ina, a ɗakin ake haɗuwa a ci tsiran alade da dankali a kora da giya. 'Yan Adler a tsaye suke cin nasu a bakin ƙofa, laka har kunne. Wanda ya kuskura ya ja kujera, sai Uban Tarihi ya ɗaga yatsa: "Wurin nan da mai shi."

Wata Asabar cikin hunturu, Levan, magini ɗan Jojiya mai ture mutum uku shi kaɗai, ya shigo yana ɗingishi, ya zube a kujerar marigayi Horst.

"Tashi, saurayi! Ka san kan wa ka zauna?"

"Haba Shugaba," in ji kyaftin Torben, "Horst fa ya daɗe a kwance. Me zai yi da kujera?"

"Zakara ba ya barin kujerarsa! Ku ci kofi tukuna, sannan ku nemi wurin ajiye ɗuwawu."

Levan ya tashi. Bai tsaya ba sai kulob ɗin ƙetaren kogi, inda benci ba shi da suna. Mutum huɗu suka bi shi. Ga shi hukumar gari ta riga ta yi kashedi: in Adler ta sake kasa cika 'yan wasa goma sha biyar, za a karɓe fili da ɗakin.

Torben ya roƙa kamar zai durƙusa. "Kira Levan. Kujera ɗaya tak, don Allah."

Uban Tarihi ya gyara kwat ɗinsa mai tambarin gaggafa. "Ni ne Adler, Adler kuma ba ta roƙo. Sunanmu kaɗai ya isa ya cika fili."

Ranar wasa, suna ya zo, mutane ba su zo ba. Alƙalin wasa ya duba ya ce, "Goma sha ɗaya nake gani."

"Malam, ka ƙirga da tarihi!"

"Ƙafafu nake ƙirgawa, Herr Brüggemann." Ya busa usur, ya soke wasan.

Torben, wanda tun yana ɗan shekara shida yake birgima a filin nan, ya zauna a ciyawa ya yi kuka wiwi. Abin ya ba kowa tausayi, ban da Shugaba, da ya ce hawaye ba ɗabi'ar zakaru ba ce.

Hukuma ta ba wata ƙungiyar masu horar da karnuka filin da ɗakin. Lahadin farko, Uban Tarihi ya shigo da kwat ɗinsa don ya yi musu jawabin maraba, ya koya musu darajar teburin. Ya nufi kujerarsa. Wani dattijon kare mai ciwon ƙugu na naɗe a kanta, yana shan ɗumin murhu.

Shugabar ƙungiyar, Frau Oltmanns, ta ɗaga yatsa, cikin ladabi.

"Yi haƙuri, Baba. Wurin nan da mai shi."