Gudun Jikan Dudu

Dudu na juya kifi a kan banda, fuskarta na kallon bakin ruwa kamar kullum, sai ga sallamar Anas, jikanta mai koyar da lissafi a Yelwa. Tun da 'ya'yanta suka watse birane, ba muryar da ke kwana a gidan sai ta ruwa.

"Lahiya lau, amarya. Har yanzu haƙoran nan biyu ke gadin bakin?"

"Su ne, kuma sun hi ka zama gida. Miji ke nan! Ko sabulu babu."

"Na kawo miki kaina. Sai dai jirgin la'asar zan bi in koma."

Hannunta ya tsaya a kan kifin, sannan ya ci gaba.

"To malamin lissahi, zauna in gwada ka. Wani ragon miji ya aiko tun shuka wai ga shi nan tahe. Bai iso ba sai da aka kwashe albasa. Mine ne gudunai?"

"Mai sauƙi! Nisa shi ne gudu sau lokaci. Abin da ba a sani ba mu kira shi eks, mu raba nisa da lokaci..."

"Kira shi kunkuru dai."

"Wanda ya auri tsohuwa mai warin hayaƙi ai dole ƙafarsa ta yi nauyi."

"Hayaƙin nan ya raine ka, mai kai kamar gora."

Ya yi dariya, ya saɓa jaka. Can bakin ruwa aka tayar da inji.

"Saura guda," in ji Dudu, idonta a kan wuta. "Mutum biyu sun kama hanya. Tsohuwa ta nuhi kushewarta da sanda, sannu-sannu, amma ba ta tsayawa. Jikanta ya nuho ta da irin gudunka. Wa zai riga isa?"

Anas ya waiga cikin gidan. Ya dubi tabarma ɗaya, kwano ɗaya da aka kife a gindin randa.

"Wannan eks ɗin, Kaka, Allah kaɗai ya san shi."

"Ashe malamin na banza ne."

"Na banza ne. Kin kayar da ni." Ya sauke jakar. "A ƙara tuwo, kuma ban da na masu haƙori biyu."

"To ina kuma za ka?"

"In ce wa mai jirgi ya tahi. Matata ta hana."

Ya fita. Dudu ta jawo jakar, ta zauna a kan maratayinta.