An Aike Shi Keke, Ya Dawo da Kambas

"Lafiya lau muke, sai dai rashin miji nagari. Yau kai ne a gidan nan, ko hanya ce ta ɓace maka?"

Kaka ce ke magana daga kujerar da ta zame mata gida tun ranar da santsi ya kwashe ta a banɗaki. Jikan nata yana bakin ƙofa da baƙar leda a hannu. Ya ce hanya ba ta ɓace masa ba, amaryar ce ta tsufa har ba a marmarin zuwa wurinta. Ta ce to ya sauwaƙe mata mana ta huta, manema na nan birjik. Ya leƙa tsakar gida, ya duba bayan ƙofa, ya ce shi dai bai ga kowa a layi ba sai kyanwa.

Kujerar tana jikin taga. An jera mata komai inda hannunta zai kai: filas ɗin shayi, kofi, rediyo, carbi, waya, har da ƙaramar buta. Aikin 'ya'yanta ne. A asibiti an ɗauki hoton ƙugunta, aka ce babu karaya, buguwa ce, ta ɗan huta sannan ta koma takawa a hankali. 'Ya'yan suka riƙe rabin farko na maganar, suka bar rabi na biyu a asibitin. Idan ta motsa za ta ɗauki kofi, surukarta ta taso da gudu tana cewa Mama ki zauna. Idan ta yunƙura, mutum biyu sun riga sun kama ta ta hammata. Haka buguwar ta warke, ƙafafun kuma suka yi sanyi. Matar da ta yi shekara da shekaru tana zaga gari da ƙunshin yadi a ka tana sayarwa gida gida, yau ita ce take salla a zaune.

A makon nan babban ɗanta ya yanke shawara: za a sayo mata keken marasa lafiya, a mayar da ita gidansa, a rufe wannan. Yaya za ka yi musu da ɗan da yake ƙoƙarin kyautata maka? Ta dai daɗe tana kallon labulen ɗakinta bayan fitarsa.

Wannan jikan aka aika sayen keken, saboda shi ya san kayan asibiti. Aikinsa tare da 'yan ƙwallo da 'yan tsere ne. Shi da abokan aikinsa suna bincike kan yadda za a tare rauni tun bai zo ba, wane motsa jiki ne yake kare gwiwa, wane ne yake hana targaɗe. Idan ba ya nan, Kaka ba ta da labarin da ya wuce nasa. Babu maƙwabciyar da ba ta ji cewa an nuno shi a talabijin ya shiga fili da gudu da jaka a hannu ba. Amma a gabansa sunansa mai matsa ƙafar ƙattai.

Ta ɗan leƙa bayansa. Babu keke. Ta mayar da idonta kan rediyo kamar ba abin da take nema.

"Ina aiken ubanka?"

"Ga shi na kawo."

Ya zauna a ƙasa a gabanta, ya buɗe ledar. Takalmin kambas ne fari mai ratsin kore, sai wata roba mai faɗi a naɗe.

Kaka ta dube su, ta dube shi. Ta tambaya ko yanzu kekuna haka ake yin su, babu taya. Ya ce sabon yayi ne, ƙafar mutum ce tayar. Ta ce ita tun yana cikin zanin goyo ta san akwai abin da ya kwance a kansa, ta faɗa wa uwarsa aka ce ƙiyayya ce.

"Ni zan sa wannan? Da furfurata? Ƙwallo za ka kai ni in buga?"

"Wa zai ɗauke ki? Ko mai tsaron gida ana so ya iya tashi tsaye."

"Lokacin da nake tashi tsaye ubanka ma ba a haife shi ba."

"Shi ya sa na ce labari ne. Ni ban gani ba."

"Ba ka gani ba? Wa ya goya ka daga nan har tashar mota ranar da ka haɗiye maɓalli?"

"An ce wata mata ce mai ƙarfi. Na nemi matar na rasa, sai aka nuna mini ke."

Ta ja tsaki, amma tsakin bai fita da kyau ba, dariya ta tare shi a hanya. Ta ce ya tattara kayan wasansa ya koma wurin ƙattansa, waɗanda iska ke taɓawa su faɗi suna birgima kamar an yanka su. Ya ce ai ƙattan sun fi ta kunya. Ya ba ta labarin wani ɗan wasansu da jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa aiki, bai daɗe ba aka fara tayar da shi yana dafa bango yana zufa. Ya ce abin da suke gani kullum a wurin aikinsu ke nan: wanda aka ɓoye a gado don gudun ciwo, tsokarsa zubewa take yi, ranar da ya tashi kuma shi ne farkon sake faɗuwa. Ƙafar da aka daina aika, mantawa take da mai ita.

Kaka ta ce wannan karatun ya kai wa ubansa, shi ya biya kuɗin makaranta.

Jikan ya ce ai ya so ya yi, amma wa ya isa ya ce wa Baba ga yadda zai kula da mahaifiyarsa? Baba kuma ba zai iya ce mata tashi ba, Goggo ba za ta iya ba, balle surukarta. Duk gidan kunyarta suke ji.

"Ni kaɗai ne ba na jin kunyarki, saboda ni na san sirrinki."

"Wane sirri, marar ta ido?"

"Kin ji daɗin bauta ne. Kin samu masu miƙo miki kofi, kin ce a ci gaba."

Wannan ta shige ta. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce ita da ta ciyar da gida da ƙafafunta, yau ita ake kira raguwa a cikin ɗakinta? Ya ce shi bai kira ba, maƙwabciyarta ce, tsohuwar malamar makarantar nan da take wucewa ta tagar nan kowace safiya tare da ƙawayenta suna zaga filin makaranta. Ya ce sun haɗu a hanya ta ce a gaishe da mai jinya.

"Mai jinya ta ce?"

"Har da cewa Allah ya sa kaffara ne."

"Wannan da na girme ta da kaɗan, take tafiya kamar agwagwa?"

"Agwagwar dai tana isa inda za ta."

Ya miƙe, ya ɗauki filas ɗin da kofin, ya kai su kan teburin da ke can ƙarshen ɗaki. Ya dawo ya ɗauki rediyon ya kai. Ta ƙwala wa surukarta kira. Ya ce kada ta wahalar da maƙogwaronta, ya riga ya roƙi surukar ta je kasuwa, ya ce mata shi zai kula da amaryarsa. Sannan ya zauna a bakin teburin, ya tsiyayi shayinta, ya kurɓa, ya ce sukari ya yi yawa, wannan ma sai an duba.

Kaka ta yi masa duk abin da ya zo bakinta. Ta ce kunnuwansa kamar na tulu, ta ce wuyansa kamar an manta ba a gama ba, ta ce ranar sunansa mutane sun zo sun leƙa sun koma ba su ce komai ba don ladabi. Ya ce duk gado ne, an ce da ita yake kama. Ta ce Allah ya kiyaye. Ya ƙara shayi.

Ana jin wani yana gyaran babur a waje. Kaka ta sa hannu biyu a kan hannayen kujerar, ta riƙe, ba ta yunƙura ba. Da ta yi magana, muryar ba ta zolaya ba ce.

"Idan na sake faɗuwa fa?"

Jikan ya ajiye kofin. Ya zo ya durƙusa a gabanta.

"A kaina za ki faɗo. Na tare waɗanda suka ninka ki biyu."

Ya ce mata ba ƙafarta ce ta kayar da ita ba a ranar, silifas ne da suka suɗe da jiƙaƙƙen daɓe, kuma an riga an shimfiɗa abin hana santsi a banɗakin. Ya cire mata silifas ɗin, ya ɗaga ƙafarta ya zura a kambas, ya fara ɗaura igiya. Hannunsa ya san aikin, bai matse ba, bai sake ba, ya danna wurin babban yatsa ya ji ko da sarari. Tana kallonsa daga sama. Ta tuna hannun nan lokacin da bai iya riƙe cokali ba. Amma abin da ta faɗa shi ne ashe sanƙo ya fara, ga tsakiyar kai nan tana ƙyalli, kuma har yanzu babu matar da ta ce tana so sai ita da aka liƙa wa.

Ya ce ta matso bakin kujerar. Ya ce ta ja ƙafafunta baya su shiga ƙarƙashinta. Ta sunkuyo gaba har hancinta ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ta danna ƙasa da dunduniya. Ya ce haka yake koya wa ƙattansa, kuma rabinsu sai an maimaita musu. Ya tsaya a gefenta, tafin hannunsa a buɗe kusa da bayanta, bai taɓa ta ba.

Yunƙurin farko kujerar ta karɓe ta. Ta zauna tana haki, ta ce takalmin ne ya yi nauyi. Ya ce gaskiya ne, takalmin ne. Na biyu ta ɗago, cinyoyinta suna rawa kamar ba nata ba, ta ji ƙasan takalmin ya kama daɓe ya riƙe. Ta ce bismillah a hankali, ta miƙe.

Ɗakin ya canja mata. Ta hango titi ta saman taga, mai gyaran babur a tsugune, yaran makaranta suna tsallaka kwata. Ta hango saman firij.

"Dubi ƙura. Watau haka suke yi mini shara, iya inda idona yake kaiwa."

"Ki je ki goge mana."

"Rufe mini baki, ina tafiya."

Ta tafi. Ba tafiyar mai ƙunshin yadi ba ce, tafiya ce ta mai tambayar ƙasa kafin ta taka. Jikan yana binta a gefe. Da ta kai teburin ta dafa shi, ta tsaya ta huta, sannan ta ɗauki filas ɗin ta girgiza. Ya kusa ƙarewa. Ta ce wannan ɓarawon a gidan wa aka rene shi. Ya ce a bayan wata mata mai ƙarfi, ga alama yau ya gano ta.

Ta juyar da kai wajen taga na ɗan lokaci.

Ya jawo mata kujerar teburin, ta zauna da kanta, a hankali, kamar yadda ya nuna mata. Ya ce ba yau za a gama ba. Za a fara da tashi da zama, da tsayuwa a ƙafa ɗaya tana dafe da tebur, robar nan kuma ta ƙarfafa cinya ce. Daga ɗaki sai ƙofar gida, daga ƙofar gida sai kantin kan kwana, filin makaranta sai daga baya. Ta ce filin makarantar kada ya yi nisa, akwai wadda take son ta mayar wa gaisuwa.

Sai a lokacin fuskarsa ta nuna abin da yake ɓoyewa tun shigowarsa. Ya sosa ƙeya, ya ce saura Baba. An aike shi abu ɗaya ya yi wani, kuma da yamma za a tambaye shi.

Kaka ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da yake shiga fili a gaban dubban jama'a, ga shi yana tsoron yaron da ita ta yi wa wanka.

"Bar ni da shi, ni na haife shi. Ka ce masa na ji maganarsa, zan zo gidansa. Da ƙafata zan zo, in gaishe su, in sha ruwa, in dawo ɗakina."

"In faɗa masa haka?"

"Haka ɗin. Ka ƙara da cewa likitana ne ya ce."

Jikan ya ɗaga kai. Ya ce bai ji da kyau ba, wa ta ce? Mai matsa ƙafar ƙattai?

Dariyar da take dannewa tun ɗazu ta ƙwace mata, har sai da ta dafa teburin. Ta goge ido da gefen mayafi, ta miƙa masa kofin ta ce ya shanye sauran tunda ya riga ya sa baki.

"Na ce likita. Sau ɗaya na faɗa, kuma idan ka kai waje zan ce ƙarya kake yi mini. Miƙo robar nan mu gani."