Rasuwar Dattijuwa, Wadda Soson Kujera Ya Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ba a rasa ba na kunya, Baba yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Dattijuwa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan hanyar wurin fasa dutse, tana da shekara ashirin da shida.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa tashi da safe ba sai ta yi gyaran murya sau uku, "kyar, kyar, kyarrr", kuma ba ta taɓa wuce maƙwabci ba ta bar masa hayaƙi ya tuna da ita ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga shawara mai kyau. Bakanike ya ce ƙurar hanyar nan ta fi ƙarfin filtar iska ita kaɗai. A sa wani soso na musamman a bakin bututun da injin ke shaƙar iska, a shafa masa mai don ƙura ta manne, a riƙa wanke shi duk mako. Baba ya saurara har ƙarshe, kamar yadda ya saba idan ba zai bi magana ba. A iliminsa soso soso ne. Ranar da Mama ta tafi unguwa, ya zuge matashin kujerar tsakiya ta falo, kujerar da ko mu 'ya'yanta ba ma zama a kai sai da baƙo, ya yanko soso kamar tafin hannu biyu, har da ɗan yadin da ke jikinsa. Ya cusa tsumma a gurbin, ya juya matashin. Sannan ya sa soson a bakin bututun, ya cire filtar ta asali ya ajiye, don a cewarsa masu gadi biyu a ƙofa ɗaya almubazzaranci ne.

Mai bai shafa ba. Wanki kuwa, ya ce ai ba riga ba ce.

Wata biyu Dattijuwa tana cin ƙasa da garin soso ba ta kai ƙara ba. Daga baya ta fara tari, ƙarfinta ya ragu, har keke ya wuce ta a hawa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "kwas".

Ta rasu ta bar taya huɗu, uku daga ciki masu rai. Da rediyo mai kama tasha ɗaya. Da filtar asali, garau a cikin kwali ba abin da ya same ta. Da Baba, wanda tun ranar yake tsayawa tsakanin Mama da kujerar tsakiya kamar mai tsaron gida. Ya roƙi bakanike da ya ce tsufa ne ya yi ajalinta. Bakanike ya yi alkawari, sai dai ya aiko da abin da ya ciro daga injin a leda, kuma yadi mai zanen fulawa da ke manne da shi babu irinsa a unguwar sai a falonmu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a garejin bakanike, inda masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗauki gawa. Za a karɓi gaisuwa a gida. Ana roƙon masu zuwa su taho da tabarmarsu, domin Mama ce ta karɓi ledar, kuma ta riga ta zauna a kujerar tsakiya tana jiran Baba.