Nomau da Sallama Ƙofa Biyu

A ƙauyen Rimin Gata akwai wani mutum Nomau, wanda in ka ce masa tsaya, sai ka dawo ka tarar da shi a nan rana ta gasa shi. Gidansu ɗaya da yayansa Shu'aibu mai shagon kwamfuta. Matarsa Ladidi kuwa cikinta ya tsufa, kuma ba abin da ke tsorata ta kamar ranar naƙuda a ce Nomau ne ɗan aike.

Wata rana Shu'aibu ya gaji da halinsa, ya zaunar da shi gaban kwamfuta. "Kowane shafi a intanet adireshi biyu gare shi, sabo mai doguwar lamba da tsoho mai gajera. Na'urar nan sabon take fara yi wa sallama. In ba a amsa cikin ƙiftawar ido ba, sai ta tafi tsohon. Wanda ya fara amsawa, shi ke nan. Ko ita ta fi ka wayo?"

"Na riƙe, Yaya," in ji Nomau. Da Shu'aibu ya san irin riƙon, da ya yi shiru.

Wata rana aka ba Nomau goron gayyatar ɗaurin aure ya kai wa Liman. Ya yi sallama a sabon gidan Liman, ya ƙifta ido, ya zura da gudu tsohon gidan, wanda ya zama garken awaki. Wani bunsuru ya fara amsawa, Nomau ya durƙusa ya zube masa goron. Liman bai je ɗaurin auren ba, sai da Shu'aibu ya kwana uku yana ba da haƙuri.

Wata rana da hantsi naƙuda ta kama Ladidi, ta zo da gardama, har ungozoma ta ce a nemo malamar asibiti maza. Shu'aibu da kansa ya hau babur zuwa sabon asibiti, ya tarar da ƙofa a rufe, ya zauna cikin masu jira. Nomau ya iso a ƙasa yana haki, ya yi sallama, ya ƙifta, ya juya.

Shu'aibu ya ce, "Ina za ka? Tsohuwar shamagani shekara biyu ke nan da rufe ta."

Nomau ko waige. Ya ƙetare gonaki, ya tsaya gaban tsohon asibitin da ciyawa ta cinye, ya rangaɗa sallama. Sai ga muryar mace ta amsa. Ashe iskar jiya ta yaye kwanon sabon asibiti, malamar ta kwashe magunguna ta dawo nan tun safe. Ta ɗauki jakarta, suka kama hanya.

Kafin azahar Ladidi ta sauka lafiya. Ni dai ban taɓa ganin farin ciki irin na Nomau ran nan ba. Ya koma sabon asibiti, ya tarar da mai wayon kwamfuta yana zaune yana kallon kwaɗo a ƙofa.

"Yaya, taso haka nan," ya ce. "Mace aka samu, ana jiranka ka yi mata huɗuba."