Ranar da Na Yi wa Kaina Amshi

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Alhaji Mamman mai jirgin ruwa a Wara ba. Ko na so in manta, mutanen bakin tafki ba za su bar ni ba.

Ni mawaƙin biki ne tun gashin kaina yana baƙi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma waƙa kam Allah ya ba ni. 'Yan amshina biyu ne, Bawa da Ɗan Inna, masunta ne a wani ƙauye da ke tsallaken ruwa. Tare muka tsufa. Sai dai in ka ce su zo da hantsi, sai la'asar za ka hango kwalekwalensu. Bawa kuma ga shi da gyara. Ina cikin rera baiti zai ce, "Maigida, wanga bai zauna ba." (A gaban mutane fa.)

Wata rana na kai wayata gyara Yelwa wurin wani magidanci, Sani, na tarar yana haɗa waƙa a kwamfuta. Ya ce, "Baba, ai yanzu komai da layinsa. Kiɗa layi guda, murya layi guda, amshi layi guda. Ka ɗauki wannan yau, wancan gobe, kwamfuta ta ɗora su kan juna." Ya yi bayani mai yawa, amma abu ɗaya na ji: ashe zan iya daina zaman jira a bakin ruwa.

Da na girbe shinkafa na sayar da wani kaso. Sani ya samo mini kwamfutar hannu ta gwanjo mai tsagaggen gefe, da makirufo, da wani ɗan akwati da ke haɗa su biyun, da abin sa wa kunne wanda sai da na ɗaure shi da zaren komar kamun kifi. Wuta kuwa sola da batir, don ta gwamnati baƙuwa ce a unguwarmu. Na kwashe ɗakin ajiyar albasa, na jingina tsofaffin katifu a bango, na rufe su da tabarmi, na toshe taga da bargo don kada kukan awaki ya shiga waƙa. Makirufo na ɗaure shi a guntun gorar tuƙi, na kafa a bokitin yashi. Sani ya ce a sa wani abu a gabansa don tare iskar baki, na ɗauko rariyar uwargida. (Har yau ba ta yafe ba.)

Na yi makonni ina fama. Yatsana ya fi maɓallan girma, sau da yawa in goge abin da na wuni ina yi. Amma na iya. Ranar da na ji kalanguna da muryata suna fita tare alhali hannuwana suna kan cinya, sai da na yi dariya ni kaɗai.

Ana nan Alhaji Mamman ya kira ni. 'Yarsa Safiya za ta auri wani Sanusi, yana son waƙa irin ta zamani, wadda za a sa a lasifika a tura wa dangi a waya.

Ya ce, "Da mutanenka za ka yi ko?"

Na ce, "Da jama'ata duka, Alhaji."

Ban aika tsallake ba. Na rufe ƙofa na buga kalangu a layi guda, na rera waƙa a na biyu. Sannan na matse maƙogwaro na yi amshi da siririyar murya irin ta Ɗan Inna, na sake dawowa na sauke haɓa na yi da kauri irin na Bawa. Na saurara na ji daɗi. Ba wanda ya makara, ba wanda ya ce baiti bai zauna ba. Ko Sani ban kira ya ji ba.

Abin da na manta shi ne, a bara rake ya cire mini haƙorin gaba. Tun daga nan in na ce Sani ko sannu, sai ɗan fito ya fita ta giɓin. Ni kunnena ya saba, ba na jin sa. Amshin waƙar kuwa shi ne, "Safiya da Sanusi, sannu da sa'a."

Ranar biki da la'asar rumfa ta cika. Ina shiga na hango Bawa da Ɗan Inna zaune a tabarmar baƙi. Ashe jirgin Alhaji ne ke ɗaukar musu kifi, shi ya gayyace su. Kafin in yi wata dabara an kunna lasifika.

Kalangu ya tashi lafiya, mata suka shiga fili. Da aka zo amshi sai na ji abin da ban taɓa ji a ɗakin albasa ba. Mutum uku suna fito tare, kamar tsuntsaye sun sauka a gonar gero. Aka sake zagayowa, fito ya sake tashi. Masu rawa suka fara kallon juna suna rufe baki da gyale.

Kakar amarya, wata tsohuwa da ba ta ɓoye magana, ta ɗaga sandarta ta ce, "Ku tsaya! Mawaƙan ga duk haƙori guda suka rasa?"

Alhaji bai kula ba, shi murna yake. Ya sa aka kawo manyan riguna uku da ya ɗinka mana, ya karɓi makirufo ya ce, "Ina Bawa? Ina Ɗan Inna? Ku fito, kun yi aiki!"

Bawa ya miƙe a hankali. Ya je ya kara kunne a lasifika, ya saurara kamar mai sayen rago. Sannan ya juyo.

"Alhaji, Allah shi ƙara girma, ba mu ciki. Wanga maigida ne. Mai 'yar muryar can, shi ne. Wanga mai gurnani awa injin jirgi, ni aka nufa, amma shi ne."

Rumfa ta ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Ɗan Inna kaɗai bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe mun mutu, maigida, ba a gaya muna ba." Wannan ta fi dariyar zafi.

Tsohuwa ta ce, "To tunda shi ne su duka, shi sa rigunan duka."

Kuma aka sa mini. Riga kan riga kan riga, a zafin Wara, na tsaya tsakiyar fili kamar buhun auduga, waƙa tana ta fito a bayana, 'yan biki suna ɗauka a waya. (An ce har a garin Shanga an gani.)

Washegari na ɗauki riguna biyu na shiga kwalekwale. Na sami Ɗan Inna yana ɗinkin koma, bai ɗago kai ba. Na durƙusa da furfurata na ce na yi wauta, shi da Bawa su yafe mini. Ya daɗe yana jan zare. Can ya kai hannu ya taɓa rigar, ya shinshina, ya ce, "A wanke ta tukuna. Ka jiƙa ta da zufa."

Ran kasuwa suka zo. Muka sake waƙar, kowa da layinsa, aka kai wa Alhaji ba tare da ya nema ba. Yanzu ɗakin yana aiki, har matasa suna zuwa daga Ngaski su ɗauki nasu, mu uku muna zaune a ƙofa muna cin goro muna kushe su.

Abin da na koya kaɗan ne. Kwamfuta za ta ninka maka murya yadda kake so, amma abin da ke bakinka take ninkawa, har da aibin. In kuma shaiɗan ya raya maka ka sallami abokan tafiyarka a ɓoye, don Allah fara tambaya ko an gayyace su bikin.