Rasuwar Hajja Baƙa, Kwamfutar da ke Buɗe Faifan Inna

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ni Musbahu Abdulmun'im na unguwar Alsahafa nake sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutata, wadda yaran gida suka laƙaba wa Hajja Baƙa. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, lokacin da kahraba, wutar nan tamu marar alƙawari, ta dawo da ƙarfi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta yi fama da zafin jiki da tari shekara da shekaru, ba ta taɓa ƙin aiki ba. Duk wanda ya zauna da ita ya san gaisuwarta idan an ba ta faifai: “kirrr, tak, tak, shuuu.”

Babban alherinta shi ne faifan Inna Hansatu, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. An ɗauki begen Annabi da take yi a wani shago cikin Kasuwar Umdurman, aka haɗa waƙoƙi da bidiyonta a faifai guda. Rediyo waƙa kawai yake gani. Ƙanena Suhaib ya kwafe shi a kwamfutarsa mai Linuks, ya ce halas, wato an gama, ashe murya ya ɗebo ya bar fuska. Mak, kwamfutar maƙwabcinmu Amjad, ta nuna ɓangarorin biyu, amma da ta iso inda faifan ya karce sai ta tofo shi. Marigayiya kaɗai, da tsohon Windos ɗinta, ke lallaɓa karcewar nan har Inna ta fito tana gyara mayafi. Kallo take bari, kwafa kam ta ƙi.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da linzami gurgu, da faifan a cikin cikinta. Ta kuma bar 'yata Karima, wadda ba ta taɓa ganin kakarta a ko'ina ba sai a fuskar marigayiya. Wallahi na yi kuka, ban kuma ji kunya ba.

Za a kai gawa shagon Hazim mai gyara a kasuwar Suk al-Shabi ranar Asabar da safe, a buɗe ta a ciro faifan. Zaman makoki a gida ne. Masu ta'aziyya, don Allah kada ku kawo sukari da ganyen shayi. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta mai cin faifai ya taho da ita. Jiya Karima ta tambaye ni a wane kunci tabon Inna yake, na buɗe baki, sai na ga na manta.